Ozella da 'Yar Amshinta

Na fi rabin rayuwata ina zaune a bayan Ozella Duplessis ina kaɗa mata fiyano, don haka in na ce na san ta, to ƙeyarta na fi sani. Daga yadda wuyanta ya sandare nakan gane ranta ya ɓaci tun kafin ta juyo. Abu ɗaya ne kuma yake sandarar da wuyan nan: ta ji an yabi wata mawaƙiya alhali tana wurin.

A unguwarmu ta Tremé aka haife ta, cikin New Orleans ta ƙasar Amurka, layinmu ɗaya da su. Babanta magini ne mai shafen bango. Uwarta, Mama Odile, wanki da guga take yi wa masu hali na gari. Mama Odile ba ta taɓa hawa dandamali ba, amma in tana guga akwai wata 'yar waƙa da take yi a maƙogwaro, ba baiti, ba kalma, sai ɗagawa da saukewa. Da ita Ozella ta taso a kunne.

A coci ta fara waƙa, kuma tun a can aka san halinta. Ranar da shugaban mawaƙa ya ba wata yarinya baitin da Ozella ta saba ja, sai ta koma layin baya ta yi amshi da ƙarfin da ya sa ko na kujerar gaba bai ji yarinyar ba. Da aka tashi, Mama Odile ta riƙe kunnenta har gida.

"Gidan Ubangiji ne nan ko filin dambe?"

"Mama, ai ba ni na ƙanƙantar mata da murya ba."

Tata muryar kam ba ƙarama ba ce. Kauri gare ta, da 'yar dishewa a ƙarƙashi. Amma abin da ya raba ta da kowa jinkiri ne. Mu makaɗa sai mu iso inda ya kamata ta shigo, ita kuwa ta yi shiru, ta ja numfashi, har gaban mai sauraro ya faɗi yana zaton ta manta, sannan ta saki kalmar a hankali. Na sha ganin ƙarti 'yan dako sun tsaya da kofi a hannu, bai kai baki ba bai koma tebur ba, suna jiran ta.

Tana da shekara ashirin da 'yan kai muka fara aiki tare a gidan rawar Papa Lucien, wani tsoho mai ƙaton tumbi da ya ƙi sayen sabon fiyano har ya mutu. Ranar Lahadi da yamma, bayan an taso coci an ci abinci, nan unguwa take tattaruwa. Kiɗan jazz muke yi, irin wanda muka tarar. A lokacin ta auri Alcide, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, mutum mai sanyin hali wanda bai iya rawa ba, bai kuma damu ba. Yakan zauna a kusurwa yana murmushi kamar shi ya ƙera ta.

Ana nan sai Coralie ta zo. 'Yar ƙanen babanta ce, daga ƙauyen masu noman rake can saman kogi. Ubanta ya rasu, aka turo ta birni da akwatin kwali ɗaure da igiya. Siririya ce, mai kunya, in ka yi mata magana ƙafarka take kallo. Shekara shida ko bakwai Ozella ta ba ta, kuma tun ranar farko Yaya take kiran ta. Ozella ta ba ta ɗakin baya, ta rage mata rigunanta, ta nemo mata aikin wanke kwanuka. Ba wanda zai ce ba ta riƙe yarinyar da kyau ba.

Wata Litinin na je gidan da takardar sabon kiɗa a hannu. Jan wake yana kan wuta, Coralie tana wanke shinkafa tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Ozella ta ɗaga mini hannu, muka yi shiru muna saurare.

"Ke, sake yi in ji."

"Ba komai ba ne, Yaya."

"Na san ba komai ba ne. Sake yi."

Muryar siririya ce, tas kamar ruwan randa, tana hawa sama ba wahala. Ozella ta daɗe tana kallon ta. Daga baya ta ce, "Kina da murya, amma gudu kike yi kamar an biyo ki. Zo nan."

Daga ranar kicin ɗin ya zama makaranta. Duk Litinin, wake yana dahuwa, Ozella tana buga cokali a gefen tukunya tana horar da ita. "Kada ki bi kiɗa, bari kiɗa ya jira ki. Numfashi daga ciki, ba daga wuya ba. Ɗaga kanki, ba kuɗi kika yar ba!" Bayan wasu watanni ta sa ta a matsayin 'yar amshi. Ita Ozella jar riga, Coralie baƙa. A dandamalin Papa Lucien akwai wani ginshiƙi da ya tokare rufi, to dab da shi ta tsayar da ita. Duk ranar da aka yi wa amshin tafi fiye da kima, Lahadi mai zuwa sai ka tarar Coralie ta ƙara matsawa bayan ginshiƙin. Akwai lokacin da hannunta ɗaya kawai ake gani.

Na ce, "Ozella, yarinyar nan ta kusa fita ta taga."

Ta ce, "Kai dai kaɗa abinka, Emile. Amshi ji ake yi, ba kallo ba."

A farkon shekarun 1960 Papa Lucien ya zo mana da labari yana haki. Wani mai kamfanin faifai daga Chicago ya shigo gari, an ba shi labarin Ozella, zai zo ya ji ta ranar Asabar da hantsi lokacin da muke gwaji. Ozella ta je aka gyara mata gashi, ta sa jar rigar da rana tsaka. Waƙar da ta zaɓa ita ce ta Mama Odile. Ta daɗe da sa mata baituka, ita ce kuma waƙar da take rufe wasa da ita.

Mutumin gajere ne, da farar hula, yana tauna sigarin da bai kunna ba. Ya saurara har ƙarshe idonsa a rufe. Ni da nake bayanta na san ba ta taɓa yin waƙar kamar ranar ba.

Ya ce, "Madam, murya kam Allah ya ba ki. Amma wannan tafiyar ta iyaye ce. Yaran yanzu kiɗan soul suke so, abin da za su taka. A ƙara mata sauri, a sa tafi, a cika ta da ƙaho. Gwada mu ji."

"Waƙar uwata ce."

"Na ji. A ƙara mata sauri."

"Malam, ba a gaya mini yadda zan yi waƙar uwata. In sauri kake so, jirgin ƙasa yana tashi da azahar."

Papa Lucien ya dafe kai. Mutumin bai yi fushi ba, dariya ma ya yi. Ya leƙa bayan ginshiƙi ya ce, "Ke fa, 'yammata? Kin iya ta?"

Coralie ta dubi Ozella. Ozella ta naɗe hannu a ƙirji, ta taɓe baki.

"Yi mana. Fito ki yi masa gudun, mu sha kallo."

Ta juyo ta yi mini alama da kai, na ɗaga kiɗan. Coralie ta fito, baitin farko da ƙyar aka ji ta. A na biyu ta rufe ido. Kiɗa yana gudu, mai ganga yana tafi, amma da aka iso wurin shiga sai ta yi shiru, ta ja numfashi, ta bar mu muna jira, sannan ta saki. Mutumin ya cire sigarin daga bakinsa. Ni kuwa ƙeyar Ozella nake kallo.

Da yamma Coralie ta shigo tana kuka, ta sami Ozella a kicin. Alcide ne ya ba ni labari.

"Yaya, ya ce in bi shi Chicago. In kin ce kada in tafi, na rantse ba zan tafi ba."

"Wa ya riƙe ki? Je ki. Sanyin garin zai koro ki kafin Kirsimeti."

Duk da haka Ozella ce ta zauna ta yi wa babbar rigar sanyinta sabon shafi, ta sa mata a akwati. Tashar jirgi dai ba ta je ba. Ta ce kanta yana ciwo.

Kirsimeti ta zo ta wuce, Coralie ba ta dawo ba. Wajen Ista, wata rana ina gidan, Mama Odile tana guga a falo, rediyo yana kunne. Sai ga ƙaho, sai ga tafi, sai ga muryar Coralie. Ozella tana riƙe da ludayi ta tsaya cak. Da aka zo wurin shirun nan, ta nuna rediyon da ludayin.

"Ka ji? Emile, ka ji? Wannan numfashina ne. Ko numfashin ma nawa ta ɗauka."

Kafin in ce wani abu Mama Odile ta ajiye dutsen guga. Tsohuwar da ban taɓa ganin ta taka rawa ba ta ɗaga hannu sama tana juyi tsakiyar falo.

"Waƙata! Jama'a, waƙata a rediyo! Allah ya yi wa yarinyar nan albarka!"

Ta fita baranda tana kiran maƙwabta. Ozella ta bi ta da kallo. Shekara da shekaru tana rera waƙar nan duk Lahadi, uwarta ba ta taɓa zuwa gidan Papa Lucien ta ji ba, don a wurinta gidan rawa ba wurin 'yar mutunci ba ne. Ozella ba ta kashe rediyon ba. Ta koma kicin ta rufe ƙofa, muka ji tana kankare tukunyar da ba ta da datti.

Daga ranar ta daina yin waƙar. In aka roƙa sai ta ce, "Ku je ku sayi faifai." Sunan Coralie kuma ya fita daga bakinta, sai dai "waccan ta Chicago". Coralie ta yi tashe ba kaɗan ba. Faifai yana bin faifai, hotonta a shagon aski, a tagar mai sayar da takalma, har a talabijin. Ozella ta san duk shagon da ya manna hoton, ta kuma san hanyar da za ta bi ta kauce masa. Amma ba faifan da ya fito ba ta saurara ba. Takan zo gwaji ta ce, "Ka ji sabon? A baiti na biyu ta yi ƙasa da kiɗa. Ba wanda ya gaya mata." In na ce ban ji ba, ta ce ƙarya nake yi. In na ce na ji, ta ce ashe ni ma ina cikinsu.

Wanda ya fi shan wuya Alcide ne. Wata safiya yana aske gemu, bawan Allah bai ma san yana yi ba, ya kama fito da wata waƙar Coralie. Sai ganin Ozella ya yi a madubi.

"Daɗi take maka?"

"Wa?"

"Ci gaba mana. Ai ka iya."

"Haba Zella, a bas na ji ta, ta maƙale mini."

"To bas ɗin ya dafa maka abinci."

Mako guda yana cin burodi da kifin gwangwani a bakin tasha. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban ƙara jin Alcide ya yi fito ba.

Bayan wasu shekaru Coralie ta dawo gida yin wasa a babban zauren gari, ranar Lahadi da la'asar. Ta aiko da doguwar mota har ƙofar gida. Mama Odile ta shige da hularta ta coci. Ozella ta ce ba za ta ba, ta kuma faɗa har sau uku, amma da na biyo in wuce na tarar da ita a shirye tsaf.

"Ba don ita zan je ba. Mama ce ba ta iya hawa matakala ita kaɗai."

Zauren ya cika maƙil. Ana tsakiyar wasa Coralie ta tsayar da makaɗa. Ta ce duk abin da ta iya a kicin ta koye shi, kuma wadda ta koya mata tana nan zaune. Ta sauko da kanta, da doguwar rigarta mai walƙiya, ta kamo hannun Ozella. Na zaci za ta fizge. Ina! Ta miƙe kamar dama jira take yi. Da ta hau, ta dubi mai fiyanon Coralie ta ce masa, "Ɗana, ɗan tashi." Ta yafito ni.

Waƙar Mama Odile ta ce in kaɗa, a tafiyarta ta asali. Ta yi ta a hankali, ta ja kowace kalma har sai da zauren ya yi tsit. Coralie ta koma gefe, ba wanda ya sa ta, ta kama amshi. Da aka gama mutane suka miƙe tsaye. Ban taɓa jin tafi irin wannan ba, kuma na Ozella ne, kowa ya sani. A mota tana ta dariya, har da tsokanar direba.

Washegari jarida ta fito da hoton su biyun. A ƙasa an rubuta cewa tauraruwa Coralie Duplessis ta karrama tsohuwar goggonta da ta rene ta. Ko sunan Ozella babu.

"Goggo! Tsohuwa! Ni? Emile, shekara nawa na ba ta?"

Tana cikin wannan Coralie ta iso gidan da fara'arta, ta zo da shawara. Ta ce Yaya ta biyo ta yawon wasa, su zaga ƙasa tare, har Turai.

"In biyo ki a matsayin me?"

Coralie ta ce, "To... da farko dai amshi, Yaya, kafin mutane su san ki. Sai in riƙa ba ki waƙa ɗaya ko biyu."

"Akwai ginshiƙi a dandamalin naki?"

"Yaya, ba haka nake nufi ba."

"Gaishe da Chicago."

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani labari mai yawa. Mama Odile ta rasu. Aka rushe gidan Papa Lucien aka yi wurin ajiye motoci. Muka koma otal-otal muna yi wa baƙi 'yan yawon buɗe ido waƙoƙin da suke so, ana cin abinci ana surutu a kanmu. Da safe Ozella tana dafa abinci a wata makarantar firamare. Biki, suna, jana'iza, duk inda aka kira mu muna zuwa. Ba a binne mutumin kirki a Tremé ba tare da muryarta ba. In baƙo ya ji sunanta ya tambaya ko ta san Coralie Duplessis, sai ta ce, "Suna ne ya zo ɗaya." Alcide ya rasu yana gab da barin aiki. Ba su samu haihuwa ba, gidan ya rage ita kaɗai.

A can kuma duniya ta juya wa Coralie baya. Yayin kiɗanta ya wuce, mijin da yake riƙe da harkokinta ya tafi da wata, sannan aka yi mata aiki a maƙogwaro, muryar nan mai hawa sama ta tafi ba ta dawo ba. Labari ya iso mana a guntu-guntu. Na zaci Ozella za ta ji daɗi. Wataƙila ta ji na kwana biyu. A na uku ta zo gidana ta ce in raka ta tashar bas.

"Wa za mu tarba?"

"Kai dai taso. Ka cika tambaya."

Ashe ita ta buga wa Coralie waya. Coralie ta sauko daga bas da tabarau baƙi, ta rame, tana magana kamar mai raɗa. Ozella ta dube ta sama da ƙasa.

"Dubi yadda kika koma. Ba sa cin abinci a can?"

Ta mayar da ita ɗakin baya. Ta yi ta ɗura mata miyar kuɓewar nan tamu ta gumbo da shayi da zuma, ta hana ta magana, ta hana kowa sa ta magana. A watannin nan na ga Ozella cikin walwalar da na daɗe ban gani ba. Sai dai in wani ya ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon faifai a hannu yana neman Coralie ta sa masa hannu. Nan take fuska za ta ɗaure.

"Tana barci. Ni ma mawaƙiya ce, in kana son sani."

Wata Litinin na shiga na ji cokali yana bugun tukunya. Coralie tana zaune a kujera tana hawaye, Ozella tana tsaye a kanta.

"Muryar ba ta nan, Yaya. Ta tafi."

"Ta sama ce ta tafi. Wa ya ce miki ta sama kaɗai ce murya? Sauko ƙasa, inda nake. Daina neman abin da babu, yi da wanda ya rage. Sake!"

Sun fi shekara suna wannan. Muryar da ta fito daga baya wata iri ce, a tsage, gajeriya, ba ta iya riƙe kalma da tsawo. Amma in ta shiga kunnenka sai ka ajiye abin da kake yi ka saurara.

Da bikin kiɗa na gari ya zagayo, wanda ake yi a fili da rana, aka ba Ozella lokaci a wani ƙaramin tanti. Ita da kanta ta ce Coralie ta zo ta yi waƙa ɗaya a ƙarshe, don ta saba da mutane. Ozella ta yi wasanta, ya yi kyau, aka tafa. Sai Coralie ta fito da baƙar riga, ta riƙe makirfo da hannu biyu. Kafin ta kai rabi labari ya zaga fili, mutane suka yi ta tururuwa har tantin ya kasa ɗauka. Mata suna kuka, maza suna share ido da hula. Masu ɗaukar hoto suka ture Ozella gefe ba su ma san sun yi ba.

A bayan tanti na same ta zaune a kan akwatin ganga, ta cire takalmi ɗaya.

"Sau biyu, Emile. Sau biyu ina ba ta murya. Da tana da ita ta fi ni, yanzu da ba ta da ita ma ta fi ni. Kai ka taɓa ganin irin wannan?"

Na miƙa mata ruwa.

Wannan karon Coralie ba ta tafi ko'ina ba. An yi ta kira daga nesa, ta ce ta gaji da hanya. Abin da ta yi shi ne, da wasu samari masu ƙaramin kamfani suka zo neman ta yi faifai, ta ce sai sun fara yi wa Yaya. Ta roƙe ni kada in faɗa wa Ozella, ban kuma faɗa ba. Haka Ozella ta yi faifanta na farko kuma na ƙarshe tana da shekara sittin da wani abu. Mu uku ne kawai, ni da mai ganga da ita. Ya yi kyau ƙwarai, waɗanda suka san abin sun yaba, har daga Faransa aka rubuto.

Ranar da ya fito ta ja ni shagon faifai. Muka duba muka duba, sai ga shi a layin masu suna Duplessis, a bayan na Coralie.

Ta kira yaron shagon. "Me ya sa nawa yake baya?"

"Bin haruffa muke yi, Mama. Sunanta ya riga naki."

"Ni na riga ta zuwa duniya."

Ta zaro nata ta sa a gaba. Tun daga ranar, duk Asabar in ta taso daga kasuwa sai ta biya shagon ta gyara layin. Yaran suka saba, har sukan mayar da shi baya da gangan don su ga ta zo.

Haka suka tsufa a gida ɗaya, suna faɗa a kan gishiri, a kan wa ya bar taga a buɗe, a kan wadda fasto ya fara gaisarwa. Da ciwon zuciya ya kwantar da Ozella, Coralie ce take juya ta, take yi mata wanka, take ba ta abinci a baki. Ina zuwa kullum da la'asar in zauna. Wata rana Coralie ta shiga kicin, Ozella ta yafito ni kusa.

"Emile, tsakaninka da Allah. Ni da ita, wa ya fi?"

"Ke."

"Don ina kwance kake faɗa."

"Ko kina tsaye haka zan ce. Ke kika fi."

"To faɗa a gabanta. Coralie! Zo ki ji."

Coralie ta shigo da kwano a hannu. Na ji kunya, amma na maimaita. Coralie ta ajiye kwanon, ta gyara mata matashi.

"Wannan ai kowa ya sani, Yaya. Ni ban taɓa cewa na kai ki ba."

Ozella ta zuba mata ido. Sannan ta juyo wurina ta ja tsaki.

"Ka gani ko? Ko musu ba za ta yi ba. A kirkin ma sai ta nuna ta fi ni."

Coralie ta fashe da dariya, irin dariyarta marar sauti, har ta zauna a bakin gado. Ozella ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ta ce a miƙo mata miyar, ta sha cokali biyu, ta ce gishiri ya yi yawa.

Ba ta kai ƙarshen watan ba. An yi mata jana'iza irin tamu, da ƙaho da ganga daga coci har maƙabarta, unguwa duk ta fito. An roƙi Coralie ta yi waƙa a bakin kabari, ta ƙi. Ta ce ranar ta Yaya ce. Ita ma bayan shekara biyu ta bi ta. Gidan yanzu wasu malaman makaranta ne a ciki, sun yi masa shuɗin fenti. Ni kuma yatsuna sun ƙage, sai dai in kaɗa wa yara a coci ranar Lahadi.